Kafin A Sa Wa Mota Koyiloba, Sai An Shawo Kan Noti Mai Tsatsa

Cikin kayan da samari masu sha'awar mota suke nema a biranen Kurmi akwai wata aba da ake kira koyiloba. Ana sa ta ne a madadin shakazoba da sifirin ɗin da mota ta zo da su daga kamfani, don mai motar ya sami ikon sauke ta ƙasa ko ɗaga ta yadda yake so. 'Yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, da na Sabo a Badun, waɗanda da yawansu direbobi ne ko dillalan motoci ko makanikai, su ma zancen ya shafe su, ko dai su ne masu saye, ko kuwa su za a kawo wa aikin.

Wanda ya ga koyiloba sabuwa fil cikin kwali, guda 4 suna ƙyalli, sai ya ɗauka aikin awa 3 ne. Lalle kuwa ɗaura sabuwar ba shi da wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen cire tsohuwar, domin notunan da ke riƙe da ƙafar mota sun fi kowane noti shan ruwa da taɓo, kuma galibi ba a taɓa kwance su ba tun ran da motar ta bar masana'anta, shekara 10 ko 15 da suka wuce. Noti ɗaya tak in ya ƙi, yana iya ajiye mota a gareji kwana 3. In kuwa aka yi masa ƙarfi ya karye, ko aka maye gurbinsa da na banza, to, magana ta tashi daga ɓata lokaci ta koma batun rai.

Mece ce koyiloba?

Sunan daga Turanci ya fito, ma'anarsa sifirin da ya naɗe shakazoba. Aikin su biyun dabam yake. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shakazoba kuwa ita ke hana sifirin ya yi ta tsalle bayan taya ta faɗa rami. Haɗa su wuri guda tsohon abu ne. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Earle MacPherson ya tsara ƙafar gaba irin wannan, kamfanin Ford na Ingila ya fito da ita a motar Consul a 1950. Irinta ce a gaban Peugeot 504 wadda masana'antar Kaduna, da aka buɗe a 1975, ta yi shekaru tana harhaɗawa, kuma irinta ce a gaban Corolla da Camry da suka cika titunan Ikko.

Abin da ya raba koyiloba da waccan shi ne jikinta yana da tiredi, watau haƙoran nan da noti ke bi, tare da zobba 2 ko 3. Sifirin yana zaune a kan zobe ɗaya, wani zoben kuma yana kulle shi. Da wata sifana mai kama da lauje ake juya su, mota ta sauka ko ta tashi. Waɗansu suna da ɗan abin murɗawa na ƙara wa shakazobar tauri ko laushi.

Daga filin tseren motoci abin ya bazu, inda kwalta take sumul kuma ake son mota ta kwanta ƙasa don kada ta karkata a kwana. Cikin kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera ta akwai Bilstein da KW na Jamus, da Öhlins na Suwidin, da Tein na Japan wanda aka kafa a 1985. A Jamus ɗin, wanda ya sa wa motarsa koyiloba galibi sai ya kai ta wurin masu binciken lafiyar mota irin su TÜV sun duba aikin, an kuma shigar da shi cikin takardun motar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu cewa su masu abin ba su ɗauke shi kayan ado kurum ba.

Daga ina tsatsar take?

Tsatsa ba ta samuwa sai ƙarfe da iska da laima sun haɗu, gishiri kuwa shi ke ƙara mata gudu. Mutumin Kano ko Katsina ko Sakkwato ya tashi ne a inda ƙarfe yake daɗewa. A Kano ruwan shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, cikin wata 4 ko 5 yake sauka, sa'an nan hunturu ya zo laimar iska ta faɗi har ƙasa da kashi 20 cikin 100. A Ikko ruwan ya haura milimita 1,500, laima kuwa takan zauna sama da kashi 70 kusan duk shekara, ga iskar teku mai ɗauke da gishiri, ga ambaliyar damina da ke wanke cikin mota da ruwan kwata. Saboda haka makaniken da ya koyi aiki a Ƙofar Ruwa ko Panteka, inda noti ke jin sifana da bugu ɗaya, in ya zo Kurmi da wannan hannun sai ya yi ta karya wa mutane kaya.

Har ila yau akwai tsatsar da mota ta zo da ita daga gidan mai ita na fari. Galibin motocin da ake hawa a ƙasar nan tsofaffi ne daga ƙetare, waɗanda Yarbawa ke kira Tokumbo, 'yan Arewa kuma suka daɗe suna ce musu 'yan Kwatano. Da yawa daga Amurka da Kanada suke sauka a tashar Tin Can, wadda aka buɗe a 1977, ko a Apapa. To, a jihohin sanyi irin su Michigan da Ohio da New York, da lardin Ontario na Kanada, gishiri ake watsawa a titi don ya narkar da ƙanƙara. Amurka kaɗai takan zuba wajen tan miliyan 20 a shekara. Motar da ta yi damina 8 ko 10 ta ƙanƙara a can, fentinta yana iya zama garau alhali kuwa cikinta ya ci. Ta jihar zafi ma sai an duba, domin guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston na Texas, an kuwa yi gwanjon da yawa daga cikinsu. Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 tana taimakawa wajen bin tarihinta, amma abin da ya fi sauƙi shi ne mai saye ya durƙusa da tocila ya leƙa.

Ɓarnar tsatsa iri 3 ce. Da fari tana kumbura, ta ci wuri fiye da ƙarfen da ta cinye har ninki da yawa, ta cike ɗan sararin da ke tsakanin noti da bolti, watau sandan ƙarfen da notin yake ɗaure a kansa, su zama kamar an yi musu walda. Na biyu tana cinye kusurwoyin noti, sifana mai lamba 17 ta riƙa zamewa a kan notin da ainihinsa 17 ne. Na uku tana rage kaurin boltin kansa, ya kasa jure murɗin da zai kwance shi.

Shiri tun kafin ranar aiki

Makaniken da ya san hannunsa yakan fara aikin kwana 2 ko 3 kafin ranar. Zai goge kowane noti da buroshin ƙarfe, musamman tiredin da ya leƙo waje, sa'an nan ya fesa man da ke ratsa tsatsa, ya sake fesawa safe da yamma. Mutane sun fi sanin WD-40, wanda wani ƙaramin kamfani ya haɗa a San Diego a 1953 don kare jikin roka mai suna Atlas daga tsatsa. Ainihin aikinsa korar ruwa ne, kuma akwai waɗansu mayuka da aka yi musamman don ratsa tiredi, sun fi shi a wannan aiki. Man birki da makanikan bakin titi ke zubawa yana ɗan taimakawa, sai dai yana cin fenti, yana kuma jan ruwa.

Kafin a ɗaga mota, a tsai da ita a wuri mai daidai, a auna daga tsakiyar kowace ƙafa zuwa bakin bodi, a rubuta awon duka 4. Da wannan rubutu za a san yawan abin da aka sauke. Sa'an nan a sa waigi a tayoyin da ke ƙasa, a ɗora motar bisa tokara ta ƙarfe mai ƙafafu. Jak na ɗagawa ne kawai, bulo kuwa fashewa yake yi ba da sallama ba, ga shi mai fama da noti mai tsatsa jijjiga mota yake yi da dukan ƙarfinsa.

Akwai noti guda da ya kamata kowane yaron gareji ya ji tsoronsa, shi ne na tsakiya a saman shakazoba. Shi ke danne sifirin, kuma ko bayan an fitar da ƙafar daga mota, ƙarfin da ke matse a ciki yana iya kai nauyin buhun masara 2 ko 3. In aka kwance shi ba tare da abin matse sifirin ba, sai ya harba kamar bindiga. Koyiloba da yawa tana zuwa da nata kan na sama, saboda haka ana cire tsohuwar a dunƙule ba sai an buɗe ta ba. In kuwa dole ne a ɗauki tsohon kan, to, sai da mamatsi na kirki.

Yadda ake lallashin noti

Abu na fari shi ne zaɓen sifana. Mai buɗaɗɗen baki gefe 2 kawai take kamawa, ita ce ke mai da kan noti kamar ƙwallo. Soket mai kusurwa 6 shi ya dace, a buga shi ya zauna sosai. In tsatsa ta rage notin, a buga wanda ya gaza shi kaɗan da guduma.

Na biyu, a daki gefen notin da guduma sau da yawa, domin girgiza tana fasa tsatsar da ke ciki, mai kuma ya sami hanya. Daga nan a ɗan ƙara ɗaure shi kamar ƙwayar gero, sa'an nan a kwance. In ya motsa, kada murna ta sa a zarce. A yi gaba kaɗan, a dawo baya, a ƙara mai, a sake. Bolti da yawa bayan sun fara motsi suke karyewa, sa'ad da tsatsar waje ta cushe cikin tiredi.

Na uku shi ne batun dogon bututu da ake zurawa a sifana, yaro ya hau kai yana tsalle. Ana auna ƙarfin murɗi da wani awo da ake rubutawa Nm. Yaro mai nauyin kilo 60 in ya tsaya a ƙarshen bututu mai tsawon mita 1, ya sa wa boltin wajen Nm 590 ke nan, alhali bolti mai kaurin milimita 12 da Nm 80 zuwa 120 ake ɗaure shi. Ba abin mamaki ba ne ya tsinke. Bututu yana da amfani a manyan notunan ƙasa, amma da hannu ake jansa a hankali, mai ja yana jin abin da ƙarfen ke yi. In ya ji ya yi laushi kamar ana murɗa alewa, boltin ne ke shirin tsinkewa, sai a dakata. Sauri ya haifi nawa.

Na huɗu wuta, kuma ita ce ta fi kowace dabara ci. Notin ake gasawa ya buɗe ya saki boltin, tsatsar ta farfashe. Amma ƙafar mota cike take da abin da ba ya son wuta: tiyon birki, wayar ABS, robar shaf, ga tankin mai a kusa da ƙafar baya. Sai a share man da aka fesa, a kare kewaye da fallen ƙarfe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye abin kashe wuta kusa. Ba a kai wuta jikin shakazoba ko kaɗan, domin mai ne a ciki, da yawa kuma har da iskar naitirojin a matse, tana iya fashewa. Sifirin ma in ya sha wuta ya mutu. Akwai wata na'ura ta lantarki da ke zafafa noti ba harshen wuta, ita ce ta fi aminci ga wanda ya same ta.

Duk boltin da ya yi ja a wuta ya gama aiki. Dalili kuwa shi ne a masana'anta ana daidaita taurinsa a zafin da ya kama daga digiri 425, ƙarfe kuwa ba ya fara ja sai ya wuce 500. Watau wutar ta warware abin da masana'anta ta yi, ko da ido bai ga wani canji ba.

In ya ƙi ko ya karye

Notin da ya ƙi duk wannan, asararsa ta fi sauƙi. Akwai ƙarfen tsaga noti, ko kuwa a yanke shi da zarto. In bolti ya tsinke ya bar guntu, mai walda yana iya liƙa sabon noti a kan guntun, zafin waldar ma ya taimaka wajen sakinsa. In ya tsinke a ciki, sai a huda tsakiyarsa daidai da ƙaramin bakin diril, a riƙa ƙara girma. Ƙusar nan mai tauri da ake sayarwa don zaro guntu tana da haɗari, domin in ta karye a ciki, diril ba ya cinta.

Mafi wahala shi ne boltin da ya ratsa ta cikin bush, watau robar nan mai bututun ƙarfe a tsakiya. Tsatsa takan haɗe boltin da bututun su zama ɗaya. Alamarsa ita ce in an murɗa sai ya juya kaɗan ya dawo, domin robar ce ke miƙewa. Masu tsofaffin Honda Accord da Civic sun san wannan a gindin shakazoba, masu Passat da Audi A4 kuma suna da nasu dogon boltin a saman ƙafar gaba da ya yi ƙaurin suna. Ci gaba da murɗawa yaga bush kawai yake yi. Magani shi ne a yanke boltin ta gefe biyu, a sa sabon bush. Don haka mai hankali yakan sayi bolti da bush na ajiya kafin a fara, kada mota tana rataye a tafi neman kaya Ladipo cikin cunkoson Mushin.

Wajen sayen nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne muni. A kan kowane bolti na kirki akwai lamba, 8.8 ko 10.9 ko 12.9, ita ke nuna ƙarfinsa. Mai 10.9 yana jure ja na wajen kilo 100 a kowace murabba'in milimita, mai 4.6 da ake haɗa ƙofa da shi kuwa bai kai rabin haka ba, ga shi a ido kamarsu ɗaya. Boltin ƙafar mota sai a maye shi da mai lamba da tsawo da tiredi irin na ainihi. Wanda ba shi da lamba, ko an ba da shi kyauta ya yi tsada. Notin da ke da roba a bakinsa sau ɗaya ake ɗaura shi, haka kuma waɗansu notunan motocin Jamus da aka yi su don su ɗan miƙe wajen ɗauri.

Ɗaura sabuwar

Bayan an fitar da tsohuwar, a goge ramukan tas. A shafa man hana kamewa a jikin boltin da zai zauna cikin bush, don mai kwancewa na gaba ya huta. Tiredi kuwa a bar shi yadda littafin motar ya ce, domin mai a tiredi yana sa a wuce ƙima wajen ɗauri ba a sani ba. Da sifana mai awo ake ƙarasa ɗauri. Notunan taya na Corolla da Camry Nm 103 suke so, na Accord 108, manyan na gindin shakazoba kuwa a waɗansu motoci har 200 suke kaiwa. Hannu ba ya iya gane wannan bambanci.

Boltin da ya bi ta cikin bush ba a ƙarasa ɗaure shi sai nauyin mota ya sauka a kan ƙafafunta. In aka ɗaure shi ƙafa tana reto, robar za ta zauna a murɗe, ta yage cikin 'yan watanni. A mai da tiyon birki da wayar ABS mazauninsu, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a tabbata ba abin da ke gogar taya ko sifirin. Ba a juya zobba nauyin mota yana kansu. Dama da hagu su zama daidai, a kulle zobba sosai. Daga nan sai wurin saitin ƙafa, domin canjin tsayi yana karkatar da tayoyi su riƙa cin gefe ɗaya. A duba saitin fitila, sa'an nan bayan mako guda a sake bin notuna da awon tsayi, saboda sabon sifirin yakan ɗan zauna.

Ita ma koyiloba ba ta tsira daga tsatsa ba. Zobbanta galibi na alminiyam ne a kan jikin ƙarfe, kuma ƙarfe iri biyu in suka haɗu da ruwan gishiri sukan cinye juna su kame. Abin da aka saya don a riƙa juyawa sai ya zama ba ya juyuwa. Shi ya sa kamfanin KW yake yin jikin waɗansu nasa da ƙarfen da ba ya tsatsa. Mai mota a Ikko ko Fatakwal ya kamata ya riƙa wanke tiredin, ya fesa masa mai, musamman bayan ya ratsa ambaliya.

Tsayin mota da hanyar gida

Saura tambayar da ya kamata a yi tun kafin a biya kuɗi. Ƙaramar mota irin Corolla ko Camry tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce santimita 14 ko 15 ba. Koyiloba da yawa an yi ta ne don ta rage santimita 3 zuwa 7, kuma sifirinta ya fi na ainihi tauri. Abin da ya rage ke nan zai fuskanci ramuka da tudun rage gudu da ruwan damina, salansa da kaskon baƙin mai suna gab da ƙasa. Peugeot 504 ta sami karɓuwa a Afirka ne saboda tsayinta da laushin ƙafarta, har ta ci gasar Safari a Kenya a 1975.

Ɗan Arewa mazaunin Kurmi kuwa motarsa tana da wani aiki da na ɗan gari ba ta da shi. Daga Ikko zuwa Kano ya kai wajen kilomita 1,000 ko fiye, ko an bi ta Ilori da Jabba da Makwa, ko ta Lakwaja da Abuja, ga iyali a ciki, ga but cike da tsaraba. A wannan hanya ce kowane bolti da aka gasa aka mayar, da kowane mara lamba da aka saya don araha, zai nuna halinsa, kuma a kan gudu zai nuna shi. Wanda ya ga lalle sai ya sa koyiloba, ya nemi irin wadda aka yi don titi ko don hanyar burji, ya bar tsayin kusa da na ainihi, ya ba makanike kwanakin da aikin yake bukata, ya kuma ce a ajiye masa tsofaffin notunan ya gani da idonsa cewa an canja su. Kada garin neman gira a rasa ido.